Idan Gilashin Kwamfutar Hannu Ya Ƙi Jin Yatsa

A shagon gyaran waya da nake aiki a Dutse, ɗaliban Jami'ar Tarayya kan kawo kwamfutocin hannu masu araha da suka ɗora wa Linux. Komai ya tashi lafiya, amma gilashin ko ka danna har gobe, shiru.

Galibi matsalar ɗan guntun Silead ce da ke ƙarƙashin gilashin. Linux na da direbansa, sai dai yana buƙatar wani fayil na umarni da kamfani ya cusa cikin direban Windows. Kowace kwamfuta da nata. Ka sa na wata, ka taɓa hagu ta amsa a dama. Masu guntun Goodix yawanci ba sa wahalar da mu.

Malam, kafin ka goge Windows, kwafe direbobin a filashi.