Daga Bambaron Bakolori Zuwa Teburin Mahauci

Idan aka gama girbin shinkafa a filayen noman rani na Bakolori, waɗanda suka ratsa ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun, abin da yake saura a gona shi ne tulin bambaro. Wani manomi yakan bar wa shanun makiyaya su tattake, wani kuwa ya cinna masa wuta don ya share fili. A daidai wannan lokaci, masu kiwon turke a garuruwa irin su Garbadu suna neman harawa da dusa ido rufe, farashi kuma kullum sai hawa yake yi. Ga abinci ana ƙonawa, ga dabba tana ramewa. Me ya sa bambaro ba ya ƙosar da sa, kuma me ya haɗa wannan da irin naman da mahauci yake kasawa ranar kasuwa?

An kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato cikin 1978, da nufin shayar da kimanin hekta 23,000. Hatsi aka yi wa tanadi, amma kowane buhun shinkafa yana zuwa ne da nasa bambaro. Masana kiwo sun daɗe da sa ido a kan wannan yanki. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, wadda ta faro a matsayin gandun kiwo cikin 1928 kuma take ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a Talata Mafara ta ajiye tasharta ta binciken shanun nama. Dalili a fili yake: ƙasar Bokolo ce da Rahaji, ƙasar Uda da Balami da jar akuyar Sakkwato.

Wa ake ciyarwa a cikin tumbi?

Cikin saniya da tunkiya da akuya ɗaki huɗu ne, mafi girmansu shi ne tumbi, wanda a babban sa yakan ɗauki lita 100 ko fiye. A cikinsa akwai ƙwayoyin halitta waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita, biliyoyi a cikin cokali guda. Dabbar da kanta ba ta da sinadarin narkar da zaren ciyawa. Ita dai ta tsinka, ta haɗiye, ta yi tuƙa. Waɗannan ƙwayoyi su ne suke ruɓar da ciyawar, su mai da ita wasu sinadarai masu tsami da jini yake kwasa, su zama ƙarfi da kitse. Bayan haka su kansu ƙwayoyin sukan gangara zuwa hanji a narkar da su, kuma daga jikinsu ne dabba take samun mafi yawan furotin, wato sinadarin gina tsoka. Ashe ke nan mai kiwo ma'aikatan tumbi yake ciyarwa, su kuma su ciyar masa da dabba.

To, su ma ma'aikatan suna da buƙata. Bincike ya nuna cewa idan furotin da ke cikin abinci ya gaza kimanin kashi 7 cikin ɗari, ƙwayoyin ba sa hayayyafa sosai, narkewa ta yi nawa, abinci ya daɗe a tumbi, dabba ta rage ci. Bambaron shinkafa da busasshen karan dawa kuwa da ƙyar suke kai kashi 3 zuwa 5. Shi ya sa za ka ga sa da ciki tim amma haƙarƙarinsa a waje. Harawar wake da ta gyaɗa, idan an adana su da ganyensu a inuwa, sukan haura kashi 10, kuma 'ya'yan gawo, waɗanda suke zubowa a tsakiyar rani, suna da irin wannan albarka. Dami guda na harawa da ake tsakura wa dabba safe da yamma yana da aiki biyu: shi abinci ne, kuma yana farfaɗo da ƙwayoyin tumbi su iya cin bambaron da a da ya gagare su.

Daga nan ne masana suka fito da dabarar jiƙa bambaro da takin yuriya, takin nan da manomin shinkafa ya riga ya sani. Ana narkar da kilo 4 na yuriya cikin ruwa, a yayyafa a kan kilo 100 na bambaro, ana yi ana tattakewa a cikin rami, sannan a rufe da leda yadda iska ba za ta shiga ba, har mako uku. Yuriyar takan rikiɗa ta zama iskar amoniya mai hawa kai, ita kuma ta sassauta zaren bambaron, ta kuma kusan ninka abin da ƙwayoyin tumbi suke buƙata don gina furotin. Idan an buɗe, sai a baza wanda za a bayar ya sha iska tukuna. A nan wajibi ne a yi gargaɗi: yuriya tsagwaronta guba ce, dabbar da ta lashi garinta ko ta sha ruwanta tana iya faɗuwa cikin sa'a guda. Ba a kuma ba doki ko jaki, ko ɗan maraƙin da bai fara tuƙa ba. Dabarar ba ta bazu yadda aka yi fata ba, kuma ba taurin kan manomi ne kaɗai sanadi ba. Tsadar taki da leda da wahalar ɗebo ruwa su ma suna da hannu.

Gaggawa a turke

Kiwon turke yakan ɗauki wata uku zuwa huɗu, kuma yawanci ana auna shi ne da Babbar Salla. Tun daga wajen 2011 da satar shanu ta addabi Zamfara, kiwon cikin gida ya ƙara daraja, domin dabbar da ke turke a bayan ɗaki ta fi wadda ke daji kwanciyar rai. Tsofaffin masu sana'ar sukan zaɓi ramammen sa mai dogon ƙashi da lafiyar haƙori, kuma kimiyya ta gaskata su: dabbar da ta sha yunwar rani, in ta samu abinci, takan yi saurin mai da jiki fiye da wadda ba ta taɓa ramewa ba. Sa mai lafiya a turke mai kyau yana iya ƙara fiye da rabin kilo kowace rana.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen hatsi da dusa. Wanda ya sayo rago yau, gobe ya cika masa kwano da dawa ko garin masara, ya jawo wa tumbi rikici. Wasu ƙwayoyi masu son gari sukan yi yawa farat ɗaya, tsami ya hauhawa, masu narkar da ciyawa su mutu. Sai a ga zawo da kumburi da ɗingishi, wani lokaci ma a wayi gari a yi yankan gaggawa. Ƙa'ida ita ce a riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan har mako biyu, kuma kada harawa ko ciyawa ta yanke a gaban dabba. Kanwa da gishirin da ake jefawa a ruwa suna da gurbinsu, sai dai ba sa gyara abin da gaggawa ta ɓata.

Ƙuli-ƙuli da angurya suna da furotin mai yawa, amma a duba su da kyau. Cikin 1960, talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa, kuma binciken wannan annoba ne ya bankaɗo gubar afalatoksin, wadda fumfuna take haifarwa a gyaɗa da masara masu laima. Gubar tana lalata hanta, tana kuma bi ta nono ta iso ga yara.

Abin da ke bayyana a nama

In an yanka sa aka feɗe, aka fitar da kai da ƙafa da kayan ciki, abin da ya rage kusan rabin nauyinsa ne, kuma dabbar da ta ƙoshi ta fi ramammiya yawan wannan kaso. Kitse yana da tsarin sauka: ya fara taruwa a ciki da kewayen ƙoda, sannan ƙarƙashin fata, daga ƙarshe ya ratsa tsoka. Wannan na ƙarshe shi ne yake sa balangu ya yi taushi da maiƙo. Akuya takan tara nata galibi a ciki, shi ya sa tsokarta ba ta da kitse sosai. Sa mai cin ɗanyar ciyawa kitsensa yakan yi rawaya saboda sinadarin karotin, irin wanda ke cikin karas da manja, na turke kuwa ya yi fari. Rawayar nan ba cuta ba ce, ko da yake wasu masu saye suna gudunta. Ɗanyen ganye kuma yana da bitamin E, wanda yake sa nama ya daɗe da jansa, kitse ya jinkirta yin ɗoyi.

Ba kowane mai saye ne yake son abu ɗaya ba. Mai kilishi tsoka zalla yake nema, musamman ta cinya, domin kitse ba ya bushewa, kuma shi ne yake fara lalacewa a ajiya. Saboda haka sa mai tsananin ƙiba, wanda ya cinye wa mai shi dusa ta wata da watanni, ba lallai ne ya fi riba ba, tun da ƙara kilo guda na kitse ya fi ƙara kilo guda na tsoka cin abinci nesa ba kusa ba. Tauri kuwa yawanci aikin shekaru ne. Jijiyoyin da suka ɗaure tsoka suna ƙara ƙarfi yayin da dabba take tsufa, don haka tsohon san huɗa, kome ƙoshin da ya yi a turke, sai an haɗa da haƙuri da itace.

Akwai kuma abin da ruwan Bakolori da kansa yake kawowa. Magudanan ruwa da kwatami matattarar ƙananan katantanwa ne, waɗanda tsutsar hanta take rayuwa a jikinsu kafin ta maƙale a ciyawa. Dabbar da ta kamu tana ci ba ta ƙiba, kuma hantarta a mayanka sai dai a zubar. Shi ya sa ake ba da maganin tsutsa a farkon turke, tare da kiyaye kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin magani da yanka, domin kada saura ya iso tukunya.

Kwana biyun ƙarshe suna iya rushe aikin wata huɗu. Tsoka tana ajiye wani nau'in sukari da ake kira gilaikojin. Bayan yanka, wannan sukari yakan juye ya zama tsami irin na kindirmo, ma'aunin pH ya sauka daga wajen 7 zuwa wajen 5.5 cikin yini da kwana. Wannan ɗan tsami shi ne yake ba nama jan launi mai haske, yake kuma rage wa ƙwayoyin ruɓa ƙarfi. Amma san da aka loda a tirela daga Talata Mafara zuwa Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000, a tsaye, ga rana ga duka ga ƙishirwa, ya ƙone sukarinsa tun a hanya. Idan aka yanka shi da saukarsa, ma'aunin yakan tsaya sama da 6, naman ya yi duhu, ya yi danƙo a hannu, ya kuma riga saura yin wari. Inuwa da ruwan sha da 'yar harawa da hutu kafin yanka suna rage wannan asara, ko da yake san da ya galabaita ƙwarai yakan buƙaci kwanaki kafin tsokarsa ta mai da abin da ta rasa.