Daga Rajistar Ƙauye Zuwa Shafin Mujalla: Ƙofofin Da Binciken Lafiya Ke Ratsawa

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke zagayen sa ido kan sanƙarau a Jihar Zamfara suka ci karo da wani ciwo da bai yi kama da abin da suka fito nema ba. Ƙananan yara na ta mutuwa a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum bayan amai da jijjiga, maganin zazzaɓin cizon sauro kuma ba ya yi musu komai. Da aka auna jini sai aka ga gubar dalma ce, daga duwatsun zinare da ake dakawa ana niƙawa a tsakar gida. A watannin Mayu da Yuni wata tawaga ta masanan Najeriya da na hukumar CDC ta Amurka ta bi ƙauyuka biyu gida-gida tana ƙirga: gidaje 119, yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 daga cikinsu sun rasu cikin shekara guda.

Ba a jira mujalla kafin a fara yi wa yaran magani ba, an kuma fitar da gajeriyar sanarwa tun a shekarar. Amma cikakken rahoton, wanda likita a Ghana ko Peru zai iya karantawa ya kafa hujja da shi, sai a 2012 ya fito a mujallar Environmental Health Perspectives. Irin wannan tazara ba baƙuwa ba ce. Tsakanin littafin da ma'aikacin lafiya ke cikewa a ƙarƙashin rumfa da shafin mujallar ilimi akwai ƙofofi da dama, kowace da mai gadinta, kuma tambayarsu guda ce: za a iya amincewa da waɗannan alƙaluma?

Tambayar ba ta wasa ba ce. Da abin da mujallu suka buga Hukumar Lafiya ta Duniya ke tsara shawarwarinta, ma'aikatun lafiya ke zaɓen inda za su zuba kuɗi. Shi kuma malamin jami'a, da yawan maƙalunsa da darajar inda suka fito ake auna ƙarin girmansa.

Ƙofar da ke gaban alƙalami

Sabon mai bincike yakan ɗauka aikin na farawa ne ranar da ya buɗe kwamfuta zai yi rubutu. Editoci sun san tun ran gini tun ran zane. Abu na farko da mujallar kirki ke nema shi ne shaidar cewa kwamitin kula da ɗa'ar bincike ya duba tsarin aikin ya amince tun kafin a taɓa mutum ko guda, da bayanin yadda aka nemi yardar waɗanda aka yi binciken a kansu. Idan babu lambar wannan izini, ba a ma kai ga karanta sakamakon.

Mutanen Kano sun san dalili. A annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Zana, a wani gwaji da ya haɗa yara kusan 200, inda 11 suka rasu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe su. Amma daga baya ta fito fili cewa takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar, bayan an gama gwajin aka rubuta ta aka mayar da kwanan watan baya. An sasanta da gwamnatin Kano a 2009 kan dala miliyan 75. A 2007 Najeriya ta fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya na ƙasa, kuma a yau manyan asibitocin koyarwa da ma'aikatun lafiya na jihohi na da kwamitocin da ke ba da wannan izini.

Idan gwajin magani ne ko na rigakafi, akwai ƙarin sharaɗi. Tun daga 2005 kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya ce sai an yi wa gwaji rajista a kundin da kowa zai iya dubawa kafin a ɗauki mutum na farko. Afirka na da nata kundin, PACTR, a Afirka ta Kudu. Amfanin rajistar shi ne kada mai bincike ya ce zai auna raguwar mace-mace, ya ga babu bambanci, sannan ya juya ya ce dama raguwar zazzaɓi yake nema.

Tsarin da ba a tsallakewa

Maƙalar bincike ba ta son ado. Tana da sassa huɗu da aka saba: gabatarwa, hanyar da aka bi, sakamako, sai tattaunawa. A sama akwai tsakure, galibi na kalmomi 250 zuwa 300, a ƙasa kuma jerin manazarta. Mujallu da yawa na kayyade jikin maƙalar a kusan kalmomi 3,000 zuwa 4,000. Sannan kowane irin bincike na da jerin abubuwan da dole a bayyana: CONSORT, da ya fito a 1996, na gwaje-gwaje ne, STROBE, na 2007, mai tambayoyi 22, na binciken da aka yi ta hanyar lura da ƙirga ne, PRISMA, na 2009, na masu tattara binciken wasu su tace.

Sashen hanya shi ne inda idon gwani ke fara sauka. Su wa aka tambaya, yaya aka zaɓe su, nawa suka ƙi amsawa? Lamba ita kaɗai ba ta faɗin komai sai an san cikin nawa ce. Yara 118 na iya zama kaɗan a babban birni. 118 cikin 463 kuwa na nufin ɗaya cikin kowane huɗu, kuma wannan ne ya sa rahoton Zamfara ya yi nauyi. Wanda bai rubuta adadin duk yaran da ke gidan ba ranar da ya je ƙauyen, babu ƙwarewar Turancin da za ta cike masa gurbin bayan shekara guda.

Daga nan sai a loda komai a shafin mujallar, wanda galibi ke aiki da manhaja irin su ScholarOne ko Editorial Manager: maƙalar, jadawaloli, wasiƙar gabatarwa ga edita, bayanin wanda ya ba da kuɗin binciken, da takardar da kowane marubuci zai bayyana ko yana da wata alaƙa da kamfanin da sakamakon zai amfana. Akwai kuma alkawarin da ake ɗauka cewa ba a tura maƙalar wata mujalla a lokaci guda ba. Tura ta wuri biyu laifi ne babba a wannan fage.

Teburin edita da masu bita

Maƙalu da yawa a teburin edita suke ƙarewa, cikin 'yan kwanaki, ba tare da an aika wa kowa ba. Manyan mujallu irin su The Lancet, da aka kafa a 1823, da BMJ ba sa karɓar ko kashi 10 cikin 100 na binciken da ake turo musu. Sau da yawa ba lalacewar aikin ba ce, kuskuren adireshi ne. Binciken yadda mata ke zuwa awon ciki a ƙaramar hukuma guda na iya zama mai amfani ƙwarai, amma gidansa ya fi kusa da Annals of African Medicine ko Sahel Medical Journal da ake fitarwa daga Sakkwato, ko Pan African Medical Journal. A wannan mataki ne kuma ake saka rubutun a manhajar gano satar fasaha, wadda ke kwatanta shi da miliyoyin maƙalun da aka riga aka buga.

Wadda ta tsallake, sai edita ya aika wa masana biyu ko uku a fannin, waɗanda yawanci ba a biyan su ko kwabo, kuma sau da yawa marubucin ba ya sanin sunayensu. Bayan makonni ko watanni hukunci ya iso: an ƙi, ko a yi babban gyara, ko ƙarami. Karɓa kai tsaye ba kasafai take faruwa ba.

A ce wata likita ta yi tambayoyi ga iyaye mata a asibiti, ta gano mafi yawansu sun kammala wa 'ya'yansu rigakafi, ta rubuta cewa rigakafi ya karɓu a garin. Mai bita zai ce: matan da ke zuwa asibiti ai su ne dama masu kai yara rigakafi, ina waɗanda ba sa zuwa? Kuma katin yaron kika gani, ko abin da uwar ta tuna kika rubuta? Amsar da ake so ba ta fushi ba ce. Ana jera tambayoyin ɗaya bayan ɗaya, a ƙarƙashin kowace a faɗi abin da aka gyara da shafi da layin da gyaran yake. Inda marubuciyar ba ta yarda ba, tana da ikon faɗa cikin ladabi tare da hujja. Inda babu yadda za a yi, sai ta rage girman da'awarta, ta rubuta a fili cewa sakamakon na masu zuwa asibiti ne kawai.

Sunan wa zai hau?

A nan rigima ta fi yawa. ICMJE ta gindaya sharuɗɗa huɗu: mutum ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutun ko gyaransa, ya amince da kwafin ƙarshe, sannan ya ɗauki alhakin aikin. Zama shugaban sashe ba ya cikinsu, duk da al'adar “a sa sunan oga” da ta zama ruwan dare. Tun 2023 kwamitin ya ƙara da cewa manhajar ƙirƙirarriyar basira ba ta zama marubuciya, domin ba ta ɗaukar alhaki, kuma wanda ya yi amfani da ita sai ya bayyana.

Ɗaya ɓangaren matsalar shi ne masu zuwa daga ƙasashen waje su kwashi bayanai su tafi, a buga ba tare da sunan ɗan ƙasa ko ɗaya ba. Wani nazari da mujallar BMJ Global Health ta buga a 2019, kan maƙalu sama da 7,000 na binciken lafiya a Afirka kudu da Sahara, ya gano fiye da ɗaya cikin goma ba su da marubuci daga ƙasar da aka yi aikin. Editan mujallar a lokacin, Seye Abimbola, ɗan Najeriya, ya yi ta jan hankali kan rubutun da ake yi domin idon baƙi maimakon mutanen da abin ya shafa. Yanzu wasu mujallu na tambayar marubuta kai tsaye rawar da masanan gida suka taka.

Kuɗi da 'yan damfara

Mujallun da kowa ke karantawa kyauta a intanet sukan ɗora kuɗin a kan marubuci. Da yawa na karɓar dubban daloli, kuma a 2021 mujallar Nature ta sa nata a yuro 9,500. Wasu na yafewa ko ragewa ga masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi idan aka nema tun wajen turawa, wasu kuma, irin mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya, ba sa karɓar komai.

Wannan tsari ya buɗe wa 'yan damfara kasuwa. Saƙo zai shigo yana kiran mutum babban farfesa, yana alkawarin bugawa cikin mako guda. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya ƙirƙiri maƙalar bogi cike da kurakurai kan wani sinadari da wai yana kashe ƙwayoyin ciwon daji, ya tura wa mujallu 304 da sunayen marubuta da cibiyoyin Afirka na ƙarya. Guda 157 suka karɓa. A 2019 wata kotun Amurka ta umarci kamfanin OMICS na Indiya da ya biya sama da dala miliyan 50 saboda yaudarar marubuta. Kafin a tura, ana iya duba ko mujalla na cikin kundaye irin su DOAJ, PubMed ko Scopus, ko AJOL da ke tattara mujallun Afirka tun 1998.

Bugawa ba ita ce ƙofar ƙarshe ba

Su ma mujallun gaske ana wuce su. BMJ ta taɓa gwada masu bitarta sama da 600 da maƙalun da ta cusa wa manyan kurakurai tara da gangan. Matsakaicin abin da suka gano bai kai uku ba. A 1998 The Lancet ta buga binciken Andrew Wakefield kan yara 12, wanda aka yi amfani da shi wajen alaƙanta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga. Iyaye da dama a Birtaniya suka ja da baya, ƙyanda ta dawo, kuma sai a 2010 aka janye maƙalar aka soke lasisinsa.

Lokacin korona abin ya fi sauri. A ranar 22 ga Mayun 2020 The Lancet ta buga wani bincike da ya ce ya duba majinyata kusan 96,000 a asibitoci 671, ya kuma gano maganin hydroxychloroquine na ƙara haɗarin mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da gwajin maganin na ɗan lokaci. Sai masu karatu suka fara lissafi: adadin mamatan da aka danganta wa Ostareliya ya zarce na hukumomin ƙasar, bayanan Afirka kuma sun yi tsafta fiye da yadda duk wanda ya san asibitocin nahiyar zai yarda. Kamfanin Surgisphere da ya ba da alƙaluman ya ƙi bari a duba su, aka janye maƙalar a ranar 4 ga Yuni.

A watan Satumba na shekarar The Lancet ta sauya dokarta. Yanzu dole marubuta fiye da ɗaya su tabbatar da cewa sun ga ainihin bayanan da idonsu sun kuma tantance su, sannan kowace maƙalar bincike sai ta faɗi ko za a ba wasu masana damar duba alƙaluman, da yaushe, kuma bisa wane sharaɗi.