ZAƘI NA BISA ITACE DA ZAƘI NA CIKIN KWALBA

Maganarmu ta yau a kan zaƙi ce. Kai maigida, ke uwargida, ko kuna Dalijan, ko Gwandu, ko Kalgo, kun san yadda yara su ke tarbar wanda ya komo daga kasuwa. Da, tsarabarsu goruba ce da magarya da aya. Yanzu kuwa sai minti da biskit da lemon kwalba. To, bari mu duba abin da wannan canji ya ke jawowa, da kuma dabarar da za mu yi.

INA LAIFIN SUKARI?

A bakin kowane mutum akwai waɗansu ƙwayoyi ƙanana waɗanda ido ba ya gani. In ka sha zaƙi, su ma sun sami abinci. Sai su mai da sukarin ya zama ruwa mai tsami, shi ne ke cin haƙori a hankali har ya yi kogo. Yaron da ke yini da minti a baki, haƙoransa ba su samun hutu ko kaɗan.

Na biyu, zaƙi ya kan kashe wa yaro marmarin abinci. Ya cika ciki da ruwan sukari, in an kawo tuwo ya kau da kai, alhali sukari ba ya gina jiki.

Na uku, yawan shan zaƙi na kawo ƙiba, ƙiba kuwa tana buɗe wa ciwon sukari ƙofa.

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kan wannan. Gwargwadon lissafinta, kada babban mutum ya wuce kimanin cokalin shayi 12 na sukari a yini, in ma ya tsaya a 6 ya fi. Rabon yaro bai kai haka ba. Zuma da matsattsen ruwan 'ya'yan itace duk suna cikin lissafin. Ka sani fa, ƙaramar kwalbar lemo guda tana iya ɗaukar cokali 8 ko 9. Ga na shayin safe, ga na koko. Ka ga kafin azahar an ƙetare iyaka.

CIMAR MUTANEN FARKO

A ƙasar Amurka akwai wani tsarin cin abinci da su ke kira Faliyo, watau cimar mutanen farko. A 1985 waɗansu masana biyu, Eaton da Konner, suka rubuta cewa jikin ɗan Adam ya fi sabawa da irin abincin da aka ci tun ba a fara noma ba, wato nama da kifi da ganye da 'ya'yan itace. A 2002 wani mai suna Loren Cordain ya fitar da littafi a kai, tsarin ya bazu. Masu binsa ba su shan sukari, ba su cin hatsi da wake da gyaɗa, ba su shan nono.

To, mu rabin maganar za mu ɗauka. Kada ka bar gero da dawa da shinkafa, su ne ƙarfin manomi. Kada ki hana yaro wake da gyaɗa da nono, su ne ke gina jikinsa. Amma batun neman zaƙi daga ɗan itace maimakon buhun sukari, wannan gaskiya ne, kakanninmu ma haka suka yi.

Dalili kuwa shi ne, a cikin ɗan itace zaƙin yana haɗe da ruwa da zare-zare. Sai ka tauna, ciki ya cika, zaƙin kuma ya shiga jini sannu a hankali. Ban da haka akwai abubuwan tsare lafiya da likitoci ke kira bitamin. Mangwaro da gwanda suna ba jiki bitamin A, mai tsare ido daga dundumi. Gwaba da lemo da 'ya'yan kuka suna da bitamin C mai yawa. Garin 'ya'yan kukan nan da mu ke rainawa, a 2008 Tarayyar Turai ta ba da izinin sayar da shi a ƙasashenta, ana sayensa da tsada.

ABIN DA ZA KI IYA YI A GIDA

1. Kunun aya da dabino. Ki tsince aya gwangwani 2, ki wanke, ki jiƙa ta kwana. Ki cire ƙwallon dabino 10 ki jiƙa su. Ki niƙa duka tare da 'yar citta, ki tace da ƙyalle mai tsabta. Dabinon ya isa, ba sai an sa sukari ba. A shanye shi ran nan, gama ba ya jure zafi, da wuri ya ke lalacewa.

2. Curin dabino. Ki soya aya ko riɗi sama-sama, ki daka. Ki zuba dabinon da aka cire wa ƙwallo, ki ci gaba da daka har su kama juna. Ki cuccura ƙanana kamar dakuwa. Curi ɗaya ko biyu ya ishi yaro.

3. Kuka da ayaba. Ki fasa 'ya'yan kuka, ki jiƙa farin garin a ruwan da aka tafasa ya huce. Ki murje, ki tace ƙwallayen. Ki dama nunanniyar ayaba ko mangwaro a ciki, su za su kashe tsamin. Kada ki ɗora a wuta, zafi na ɓata bitamin C.

4. Busasshen mangwaro. Da bazara mangwaro ya kan yi yawa har ya riƙa ruɓewa a gindin itace. Ki zaɓi nunannu masu ƙarfi, ki wanke, ki fere, ki yanka falle-falle. Ki shanya a faranti mai tsabta bisa rumfa, ki rufe da ƙyalle shara-shara saboda ƙuda da ƙura. Ki riƙa juyawa kwana 3 ko 4, har ya daina danshi. Ki adana a mazubi mai murfi. In kin ga fumfuna, ki zubar.

5. Garin ɗorawa da na magarya. Rawayan garin ɗorawa da zaƙinsa ya zo, damawa kaɗai ya ke bukata. Busasshiyar magarya kuma a daka, a tankaɗe, a yayyafa ruwa a cura.

6. In an yi baƙi, ki yayyanka gwanda da kankana da ayaba a kwano, ki matsa lemon tsami kaɗan. Ba wanda zai nemi lemon kwalba.

ABIN DA ZA A KIYAYE

Ruwa. Duk abin sha, da tafasasshen ruwa za a yi shi. Ki wanke hannu da sabulu, ki wanke 'ya'yan itace kafin a yanka. Kunun aya da aka dama da ruwan kududdufi zawo ne a cikin kwano.

Jarirai. Daga haihuwa zuwa wata 6 nonon uwa kaɗai ya isa. Kada a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, ko da lasa ce. A kan sami wata ƙwayar cuta a ciki mai shanye jikin jariri, har ya kasa tsotso da numfashi. Wanda bai kai shekara 2 ba kuma kada a saba masa da sukari. A cire masa ƙwallo, kada a ba shi aya ko gyaɗa ɗungum, don kada ya shaƙe.

Haƙora. Dabino da busasshen mangwaro suna manne wa haƙori. A ci su tare da abinci, ba a yini ana ƙwalama ba. A goge baki safe da dare da buroshi da man goge baki, asuwaki ma yana taimako.

Mai ciwon sukari. Kada a ruɗe ka cewa zuma da maɗi da mazarƙwaila ba su da illa don na gargajiya ne. Duk sukari ne. Busasshen dabino ma wajen kashi 2 cikin 3 na nauyinsa sukari ne. Ka ci gwaba guda ko yankan gwanda, ka bar tatattun ruwa masu zaƙi, ka kuma bi abin da likita ya tsara maka.

In kuwa ka ga kana yawan jin ƙishirwa, kana tashi fitsari sau da yawa cikin dare, kana ramewa alhali kana cin abinci, ko ka yi gyambon da ya ƙi warkewa, to, kada ka zauna. Ka je wurin malamin asibiti a auna jininka, ɗigo ɗaya ne daga ɗan yatsa. In abin ya fi ƙarfinsa zai tura ka babban asibiti a Gwandu ko Birnin Kebbi.

Maigida, ran kasuwa mai zuwa ka gwada. Kuɗin minti da lemon kwalba ka sayo aya da dabino da gwaba. In kana da fili a gida ka dasa gwanda, cikin shekara guda za ka fara ci. Rigakafi dai ya fi magani.

Allah ya ba mu lafiya. Sai wani jiƙon.