AMSAR TAMBAYA: WANE NE RAKMANINOF, KUMA DA GASKE AKWAI FAIFAN DA YA KAƊA DA HANNUNSA?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Dawanau, ya aiko da takarda yana cewa ya ji an sa wani kiɗan Turawa a rediyo, aka ce wanda ya ƙirƙiro shi ne da kansa yake kaɗawa, alhali an haifi mutumin tun kafin Turawa su ci ƙasar Hausa. Yana so a ba shi tarihinsa, a kuma gaya masa ko hakan zai yiwu.

To Malam, zai yiwu, kuma gaskiya aka faɗa maka. Sunan mutumin Sargei Rakmaninof, mutumin Rasha ne, an haife shi a 1873. Abin kiɗansa shi ne fiyano, wani ƙaton akwati mai tsirkiya sama da 200 a ciki, da maɓallai 88 farare da baƙaƙe a jere. In ka danna maɓalli sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya. Irin kiɗan da yake yi Turawa na kiransa Romantik, wato salon da ya yi tashe a ƙarni na 19, wanda makaɗi ke zuba abin da ke cikin zuciyarsa, bege ne ko baƙin ciki ko kewar gida, sau da yawa ba tare da an rera ko kalma ɗaya ba. Ana lissafa shi cikin na ƙarshe-ƙarshen manyan wannan salo.

Gidan masu ƙasa ya fito, amma mahaifinsa ya ɓarnatar da dukiyar, aka sayar da gonakin ɗaya bayan ɗaya. Yaron ya yi karatu a babbar makarantar kiɗa ta Mosko, ya gama a 1892 da lambar zinariya. A shekarar nan ya rubuta wani ɗan gajeren kiɗa da ake kira Firilud, wanda bai fi minti huɗu ba. Ku 'yan kasuwa ku saurari wannan ciniki: rubul 40 kacal aka biya shi. A lokacin Rasha ba ta shiga yarjejeniyar kare haƙƙin mai abu ta duniya ba, don haka kamfanonin Ingila da Amurka suka yi ta bugawa suna sayarwa, ko anini bai shiga aljihunsa ba. Ga shi kuma har ya tsufa, duk inda ya je wasa sai jama'a sun nace ya kaɗa musu shi, har abin ya gundure shi.

A 1897 aka gabatar da babban aikinsa na farko na taron makaɗa, abin ya watse, masu sharhi suka yi masa kaca-kaca. Ya shiga damuwa, kusan shekara uku bai rubuta wani abin kirki ba. Wani likita, Nikolai Dal, shi ya yi ta zama da shi yana lallashinsa a 1900 har ƙarfin zuciya ya dawo masa. A 1901 ya kammala Kwanceto na Biyu, wato kiɗan da fiyano ke jagora taron makaɗa na amsawa, ya sadaukar da shi ga likitan. Shi ne ya fi dukkan ayyukansa suna har gobe. Shekara ɗaya bayan haka ya yi auren zumunci da 'yar gwaggonsa Nataliya, suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Manoma kuwa, ga inda labarin ya shafe ku. Dangin matarsa suna da gandu a Ibanofka, a yankin Tambof mai baƙar ƙasa, kuma daga 1910 shi ya karɓi ragamar gandun. Kuɗin da yake samu a kiɗa can yake zuba su, wajen noma da kiwon dawaki. A can ne kuma ya rubuta mafi yawan kiɗansa, a watannin da ake aikin gona. Sai juyin juya halin 1917 ya zo, 'yan kwaminis suka ƙwace filayen masu ƙasa. A watan Disamba na shekarar ya fake da wata gayyatar wasa a Siwidin, ya kwashi iyalinsa suka fice da ɗan abin da za su iya riƙewa a hannu. Bai sake taka ƙasar Rasha ba.

Mutum mai shekara 44, ba gona, ba ajiya, ga iyali. Rubuta kiɗa ba ya kawo kuɗin cefane da wuri, amma hawa dandali yana kawowa. Sai ya zauna ya haddace kiɗan magabata irin su Shofan da Lis, ya isa Amurka a watan Nuwamba na 1918, ya shiga yawon gari-gari a jirgin ƙasa. Dogo ne ƙwarai, kusan mita biyu, hannunsa kuma sai ka ce faranti, yana kama maɓallan da sauran makaɗa ba sa iya haɗawa. A ganinmu, wannan asarar gona ce ta sa yau kake jin hannunsa sosai a faifai, domin neman abinci ne ya kai shi ga kamfanonin garmaho.

Ka san Shofan ya rasu a 1849, kafin Edison ya ƙera na'urar ɗaukar murya a 1877. Lis ya kai 1886, amma bai bar faifai ba. Buram, makaɗin Jamus, an ɗauke shi a 1889, sai dai ƙara ta cinye kiɗan, da ƙyar ake gane abin da yake kaɗawa. Waɗannan sai dai mu ji labarinsu a bakin waɗanda suka gan su. Rakmaninof kuwa kunnenka ne zai yi hukunci.

Faya-fayansa na farko a kamfanin Edison ya yi su, a 1919. A zamanin babu makirfo. Wani babban mazurari ake kafawa kusa da fiyano, ƙarar ta bi ta ciki ta girgiza allura, allurar ta yi zane a kan kaki. Fuska ɗaya ta faifai ba ta wuce minti huɗu zuwa biyar, in ka yi kuskure kuma babu gyara, sai a ɗauko sabon kaki a koma farko. Zamansu da Edison bai yi daɗi ba. Rakmaninof ya zaɓi ɗaukar da ya yarda a fitar, kamfanin ya sayar har da waɗanda ya ƙi. Nan ya tattara ya koma kamfanin Victor a 1920, kuma da su ya zauna har 1942. Da aka fara ɗauka da lantarki a 1925 sauti ya gyaru, shi ya sa ya sake ɗaukar Kwanceto na Biyu a 1929 da taron makaɗan Filadelfiya, ƙarƙashin Liyofol Sitokoski. Kiɗan ya haura rabin awa, dole aka tsinka shi gida-gida, mai saurare yana tashi yana juya faifai.

Wanda ya ji waɗannan faya-fayai zai lura da abu guda: ya fi makaɗan yanzu sauri, kuma ba ya jan kiɗan don ya sa mutane kuka. Masu koyon fiyano har yanzu suna komawa gare su don su ji yadda mai abu yake son abinsa. Wani abin dariya a wajenmu ma'aikatan rediyo: shi dai bai yarda a watsa wasansa kai tsaye ta rediyo ba, ya fi son faifai, inda zai maimaita sai ya gamsu.

Sana'ar ta ci masa wani abu. Daga barinsa gida zuwa rasuwarsa, shekara 25, manyan ayyuka shida kawai ya rubuta. Duk da haka kiɗansa ya shiga ko'ina. Fim ɗin Ingila mai suna Brief Encounter na 1945 da Kwanceto na Biyu aka yi shi, sannan a 1975 mawaƙin Amurka Eric Carmen ya ɗauki karin sashen tsakiyarsa ya yi waƙar All by Myself, wadda Celine Dion ta sake rerawa a 1996. Wannan karon magadansa sun nemi haƙƙinsu, kuma an yanka musu kaso.

Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu ya riƙa aika kuɗin wasanninsa don taimakon sojojin ƙasar da ta ƙwace masa gona. Ya yi wasansa na ƙarshe ranar 17 ga Fabrairu, 1943, ciwon daji ya riga ya ci ƙarfinsa, ya rasu ranar 28 ga Maris a Kalifoniya, aka binne shi kusa da birnin Niyok. Gidan Ibanofka ya rushe a rikicin bayan juyin juya hali, daga baya aka sake gina shi ya zama gidan tarihi. A 2015 ministan al'adun Rasha ya nemi a mayar da ƙasusuwansa gida, zuriyarsa suka ce a bar shi inda yake.