Ɗakin Farfaɗowa Bayan Tiyata: Jarrabawar Ƙwarewa da Hausawa Mazauna Ƙetare

Sa'a guda ko biyu da ke biyo bayan kammala tiyata na cikin lokutan da suka fi haɗari ga majinyaci, domin a lokacin ne maganin sa barci yake barin jiki sannu a hankali, alhali numfashi da bugun zuciya da hawan jini da ɗumin jiki ba su gama komawa daidai ba. Saboda haka ne asibitoci suke keɓe wani ɗaki dab da ɗakin tiyata, wanda ake kira ɗakin farfaɗowa, inda ma'aikatan jinya masu horo na musamman suke tsare majinyaci har ya dawo hayyacinsa. A Amurka wannan aiki ya zama fanni mai zaman kansa, mai jarrabawa da takardar shaidar ƙwarewa, kuma ya shafi Hausawa mazauna can ta fuska biyu: akwai masu aikin jinya da ke neman takardar, akwai kuma marasa lafiya da ke buɗe ido a hannun waɗanda suka mallake ta.

Tun ranar 16 ga Oktoba, 1846, da William Morton ya nuna a babban asibitin Masacuset da ke Boston cewa ana iya sumar da mutum da sinadarin ita (ether) a yi masa aiki bai ji zafi ba, hankalin likitoci ya fi karkata ga abin da ke faruwa a kan teburin tiyata. Sai a 1947 wani kwamitin likitoci a Filadalfiya ya fitar da rahoton da ya nuna cewa kusan rabin mace-macen da suka auku cikin sa'o'i 24 na farko bayan tiyata ana iya kauce musu, kuma da dama daga cikinsu ido kawai suke buƙata. Daga nan ɗakunan farfaɗowa suka yaɗu. Ma'aikatan jinyar fannin suka kafa ƙungiyarsu, ASPAN, a 1980, sannan aka kafa hukumar jarrabawa mai suna ABPANC a 1985. Faransa, wadda tsarin karatun jinya na Nijar ya fi kusanci da nata, ta wajabta irin wannan ɗaki ga duk wanda aka yi wa maganin sa barci da wata doka ta 5 ga Disamba, 1994.

Matakalar da ake hawa kafin jarrabawa

Hukumar ABPANC tana bayar da takardu biyu. Ta farko, CPAN, ta masu aiki ne a zango na ɗaya, wato lokacin da aka fito da majinyaci daga tiyata yana tsakanin barci da farkawa, kuma ana iya rasa shi cikin mintoci idan hanyar numfashinsa ta toshe. Ta biyu, CAPA, ta masu shirya majinyaci kafin tiyata ce da masu kula da shi a zango na biyu, inda ake tabbatar da cewa zai iya tafiya gida a ranar da aka yi masa aiki. Ba a zama kowacce daga cikinsu sai da cikakken lasisin aikin jinya na Amurka da kuma sa'o'i 1,200 na aiki a gefen gadon irin waɗannan majinyata cikin shekaru biyun da suka gabaci neman. Jarrabawar ta kwamfuta ce, mai tambayoyi 185 cikin sa'o'i uku, ana buɗe ta sau biyu a shekara, kuma takardar tana aiki ne na shekaru uku kafin a sabunta ta.

Ga wadda ta yi karatun jinya a Kano ko Zariya ko Kumasi, wannan jarrabawa ita ce hawa na ƙarshe a doguwar matakala. Sai hukumar jinya ta ƙasarta ta tabbatar da takardunta, sai wata cibiyar tantancewa, galibi wadda aka kafa a Filadalfiya a 1977 da sunan CGFNS, ta gwada karatunta da na Amurka, sannan ta ci jarrabawar NCLEX wadda kowace jiha ke dogara da ita wajen ba da lasisi, kuma wadda aka sauya wa fasali a Afrilun 2023 don ta fi auna yadda nas ke yanke shawara a gaban mara lafiya. Bayan duk wannan ma ba kasafai ake ɗaukar sabon shiga a ɗakin farfaɗowa ba, domin asibitoci da yawa sun fi son wanda ya taɓa aiki a sashen kulawa ta musamman. Nas ɗin da ta yi shekaru tana sa wa majinyata maganin barci da hannunta a wani babban asibiti a Arewa, inda likitocin fannin suka yi ƙaranci, takan tarar cewa wannan matsayi ba ya haye teku tare da ita, dole ta sake farawa daga ƙasa. Waɗanda suka fito daga Yamai ko Maraɗi ko Damagaram kuwa suna da ƙarin ɗawainiyar komawa daga Faransanci zuwa Ingilishi. A Ingila babu takarda irin wannan. Mai shiga yakan ci jarrabawar rubutu da ta gwajin aiki ta hukumar jinya ta ƙasar, NMC, sannan ya koyi aikin farfaɗowa a asibitin da ya ɗauke shi ko a kwasa-kwasan jami'a.

Abin da ake karantawa

Kashin bayan karatun shi ne hanyar numfashi. Mutumin da bai gama farkawa ba harshensa na iya faɗawa baya ya toshe maƙogwaro, ko kuma ƙofar maƙogwaron ta ɗame gaba ɗaya idan majina ko jini ya taɓa ta, don haka ake so nas ta gane sautin kowanne, ta san yadda ake ɗaga muƙamuƙi, da lokacin da za ta kira likitan sa barci ba tare da jinkiri ba. Sai magunguna da makarinsu: naloksan yana karya ƙarfin mofin da danginsa idan suka danne numfashi, neyostigmin ko sugamadeks suna dawo da ƙarfin tsokar da aka saki don tiyata, dantirolin kuwa shi ne maganin wani mugun zazzaɓi na gado da wasu iskokin sa barci ke tayarwa. Ana kuma koyon hasashen wanda zai yi tashin zuciya da amai bisa alamu huɗu na ma'aunin Apfel, wato kasancewa mace, da rashin shan taba, da tarihin amai bayan tiyata ko a mota, da karɓar magani dangin mofin. Wanda ya haɗa duka huɗun haɗarinsa yakan kai kusan kashi 80 cikin ɗari.

Masu shirin jarrabawa daga Afirka ta Yamma sukan fi shan wuya a wani wuri daban. Tambayoyin ba sa neman haddar da aka saba da ita a makarantun gida, suna kawo halin majinyaci ne da amsoshi huɗu waɗanda biyu ko uku daga cikinsu daidai ne, a ce a zaɓi wadda za a fara yi. Haka kuma amsar da ake so ita ce wadda ta dace da ƙa'idojin ASPAN, kamar cewa nas ɗaya ba ta riƙe fiye da majinyata biyu a zango na ɗaya, kuma ba a barin ta ita kaɗai a ɗakin. Wadda ta saba riƙe gadaje ashirin a daren aiki guda tana da dabarun da suka ceci rayuka, amma a zauren jarrabawa sai ta ajiye su ta amsa yadda littafin ƙa'ida ya tanada.

Inda lamarin ya taɓa majinyaci Bahaushe

A 1970 ne likita Jorge Aldrete ya fitar da ma'aunin da har yau ake amfani da shi wajen sallamar majinyaci daga zango na ɗaya. Abubuwa biyar ake dubawa, kowanne da maki daga sifili zuwa biyu: motsin gaɓoɓi, da numfashi, da hawan jini, da farkawa, da launin fata, kuma galibi sai an samu maki 9 cikin 10. Na biyar ɗin an gina shi ne a kan fatar da ke yin shuɗi idan iskar oksijin ta ragu, alamar da ba ta bayyana da wuri a jikin baƙar fata sai an duba cikin leɓe da dasashi da ƙasan fatar ido. A 1995 aka maye gurbin launi da awon na'urar da ake maƙalawa a yatsa, sai dai a 2020 wani bincike na Jami'ar Mishigan ya nuna cewa na'urar ma takan nuna lafiya lau alhali oksijin ya yi ƙasa a jini, kuma hakan ya fi faruwa ga baƙar fata da kusan ninki uku. Baƙin lalle a yatsa ma yana iya rikita awon. Nas ɗin da ta koyi aiki a inda na'urori suka yi ƙaranci, ta saba karanta lumfashin ƙirji da launin dasashi, tana riƙe da ilmin da waɗannan majinyata ke buƙata.

Haka batun sikila, wadda Nijeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ɗauke da ita. Sanyin ɗakin tiyata, da ƙarancin ruwa a jiki bayan an hana ci da sha, da raguwar oksijin, duk suna iya tayar da ciwon, wani lokaci ya kama ƙirji cikin kwanakin farko. Littattafan shirin jarrabawa suna ambaton wannan a taƙaice, amma ga wadda ta yi jinyar masu amosanin jini tun tana ɗaliba abu ne da ta sani a aikace.

Harshe da ɗabi'a su ma suna shiga cikin awo. Ana tambayar majinyaci ya kimanta zafin da yake ji daga sifili zuwa goma, kuma a kan amsarsa ake ba da magani. Mutumin da aka raina a kan dauriya da kunya, wanda idan an ce masa "ya jiki?" ba shi da amsa sai "da sauƙi, alhamdu lillahi", yana iya faɗin biyu alhali zufa da saurin bugun zuciya suna nuna takwas, kuma zafin da ba a kashe ba yakan hana shi jan numfashi mai zurfi da tari, har huhu ya kamu. Wanda ke farkawa daga maganin barci kuma yakan koma harshen da ya tashi da shi ko da ya iya Ingilishi, ta yadda dattijuwar da ke salati tana kiran 'ya'yanta za a iya ɗaukar ta a matsayin wadda ta ruɗe. Dokar kare haƙƙin jama'a ta Amurka ta 1964 ita ce tushen wajabta wa asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya samar da tafinta, sai dai iyalai da yawa ba su san cewa haƙƙinsu ne kuma kyauta ne ba.

Ko umarnin kame baki kafin tiyata yana buƙatar fassara irin ta ɗan gida. Ƙa'idar ita ce a daina abinci mai maiƙo sa'o'i takwas kafin aiki, mara nauyi sa'o'i shida, ruwa garai kuma sa'o'i biyu. A wurin Bahaushe kunu da koko da fura sha ake yi, ba ci ba, saboda haka mutum na iya amsa wa nas da gaskiyarsa cewa bai ci komai ba alhali cikinsa cike yake da abin da zai iya komawa huhu idan ya yi amai a sume. Jiƙe-jiƙen gida na tafarnuwa da citta da ake sha da yawa, waɗanda ke iya ƙara zubar jini, ba kowa ke ɗaukarsu magani ba balle ya ambace su.

Jinya a inda babu dangi

A ƙasar Hausa jinya aikin dangi ne: akwai mai kwana a gindin gado, da mai kawo abinci, da masu zuwa dubiya. A Amurka kuwa yawancin tiyata ana yin ta ne a sallami mutum a ranar, da sharaɗin wani baligi ya zo ya ɗauke shi, kuma a so ya zauna tare da shi har kwana guda, domin ba a yarda ya tuƙa mota ko ya sa hannu a wata muhimmiyar takarda ba. Direban tasi da ke zaune shi kaɗai a unguwar Bronks ta birnin Niyok, inda Hausawan zangunan Gana suke da masallatai da ƙungiyoyi, ko ɗan Nijar da ke aikin masana'anta a birnin Girinsboro, ana iya ɗage masa aiki saboda rashin mai rakiya kawai. A nan ne masallatai da ƙungiyoyin zumunci, irin su Zumunta ta 'yan Arewacin Nijeriya a Amurka, suke da gurbin da za su cike, kuma nas ɗaya mai ilmin fannin a cikin jama'a tana iya bayyana wa ɗaruruwa abin da takardar asibiti ta kasa isarwa.

Ribar da waɗannan al'ummu ke samu tana da farashi a gida. Hukumar jinya ta Nijeriya ta bayyana a farkon 2024 cewa ma'aikatan jinya kusan 42,000 sun bar ƙasar cikin shekaru uku, sannan ta fitar da sharaɗin aikin shekaru biyu kafin a tabbatar wa mai son fita takardunsa, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Legas. Nijeriya da Nijar da Gana duk suna cikin jerin ƙasashe 55 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kada a riƙa farautar ma'aikatan lafiyarsu. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Lancet a 2018, wanda ya bi majinyata sama da 11,000 a ƙasashen Afirka 25, ya gano cewa haɗarin mutuwarsu bayan tiyata ya ninka matsakaicin na duniya sau biyu duk da cewa sun fi ƙuruciya, kuma mafi yawan mace-macen sun auku ne a kwanakin da suka biyo bayan aikin, lokacin da ake buƙatar mai lura da alamun taɓarɓarewa. Abin da aka gano a Filadalfiya a 1947 ke nan. Yawancin abin da jarrabawar ke koyarwa, wato ma'aunin Aldrete, da ɗaga muƙamuƙi, da ƙirga numfashi a kai a kai, da hana barin majinyaci shi kaɗai kafin ya farka, ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada, kuma nas ɗin da ta zo hutun wata guda tana iya koyar da shi a asibitin garinsu da harshen da ɗalibai da masu zaman jinya duka suke ji.