Ko Kun Sani? Mai Zanen Littafi da Ya Ci Kyautar Oscar

Ko kun san cewa da yawa daga cikin gidaje, duwatsu da dazuzzukan da kuka gani a finafinan The Lord of the Rings sun fara fitowa ne daga fensirin wani mai zane ɗan Ingila, Alan Lee?

An haife shi a shekarar 1947. Sunansa ya fara fita a 1978, lokacin da shi da Brian Froud suka fitar da Faeries, littafin zanen aljanu na tatsuniyoyin Turai. Amma aikin da ya ɗaga shi sama shi ne zane 50 da ya yi wa littafin The Lord of the Rings na J.R.R. Tolkien, a bugun cikar marubucin shekara 100 da haihuwa. Da fentin ruwa ya yi su, launuka masu sanyi, ba ƙyalƙyali, har mai kallo ya ɗauka wuraren suna nan a duniya. Nan ƙwarewarsa take.

Waɗannan zane-zane ne suka burge daraktan finafinan, Peter Jackson, ya nemi Lee ya zo New Zealand. Lee da wani mai zane, John Howe, suka tsara kamannin duniyar finafinan, aikin da ya ci shekaru. Lee ma ya ɗan leƙo a fim na farko, cikin sarakuna tara da aka ba zobba.

A 2004 ya karɓi Oscar ta tsara wuraren fim, tare da Grant Major da Dan Hennah, saboda fim na uku, The Return of the King.