Wake da Danginsa: A San Kaya Kafin a Ɗinke Buhu

 A nan Badariya, Birnin Kebbi, ga kaka ta kama, kaya sun fara shigowa daga ƙauyuka. Yau za mu ɗan ajiye zancen farashi mu yi magana a kan sunaye, don mun taɓa yin asara saboda suna, kuma ba mu so wani ya sake faɗawa ramin da munka faɗa.

Shekarun baya wani abokin cinikinmu na Kano ya aiko saƙo a tara masa gujiya buhu 30. Munka bi kasuwannin ƙauye munka tara, munka biya kuɗin mota, kaya sunka sauka Dawanau. Kashegari sai ga waya. Ashe gujiyar Kano yake nufi, wadda mu nan muke ce wa ƙwaruru, mu kuwa gyaɗa munka loda masa, don a bakin mutanen Kabi da Sakkwato gyaɗa ita ce gujiya. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya ci amana, amma kuɗin mota zuwa da dawowa a kanmu ya faɗa. Tun daga ranar munka shiga bin diddigin wake da danginsa, wa ke ɗan'uwan wa.

To, rabon kaya jinsi-jinsi ba baƙon abu ba ne ga wanda ya zauna gaban malam. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, mutumin Ƙairawan da ya rasu a shekarar 996 ta Miladiyya, an karantar da mu cewa wake da danginsa, waɗanda ake kira ƙaɗani, jinsi ɗaya ne wajen zakka. Ana haɗa su, in sun kai ausuƙi 5, wato sa'i 300, a fitar. Amma wajen ciniki kowanne jinsinsa daban. Malaman Malikiyya sun ƙidaya su bakwai, wakenmu kuwa shi ne lubiya a cikinsu. Babu gyaɗa a lissafin, don ita daga Amurka ta Kudu ta fito, kuma sai bayan ɗaruruwan shekaru da rubuta littafin jiragen Turawan Fotugal sunka kawo ta gaɓar Afirka.

Masana tsirrai su kuma fure da kwanso suke dubawa, yanzu har da gwajin ƙwayar halitta. A wurinsu dangin wake babban zuri'a ne, iri ya kai kamar 19,500 a duniya, kuma abin da zai ba ku mamaki, yawancin itatuwan da ke jure farin ƙasarmu 'yan wanga zuri'a ne: gawo, bagaruwa, ɗakwara, kirya, ɗorawa, tsamiya, har da kalgo mai suna ɗaya da garin nan na kusa da mu. Ku ɗauki ɗan gawo ku fasa, ku ɗauki kwanson wake ku fasa, za ku ga ƙwaya a jere layi ɗaya cikin kube. Da can gida uku sunka raba zuri'ar. A shekarar 2017 ƙungiyar masanan da ke wanga aiki ta sake rabo zuwa gida shida. Wake da gyaɗa da ƙwaruru da waken suya da baban rini suna babban gida, mai fure kamar malam-buɗe-littafi. Gawo da bagaruwa da ɗorawa da kirya da tafasa gidansu guda. Tsamiya tana tare da taura da maje. Kalgo na wani gida, tsamiyar kurmi ma na wani, duk da sunan da ta ara. Gida na shida tsiro ɗaya tak ne a cikinsa, na kurmi, ba ya shigowa kasuwarmu.

Ƙwaruru fa? Mu muna haɗa shi da gyaɗa saboda dukansu a cikin ƙasa suke 'ya'ya. Amma a 1980 wani masani na lambun Kew a Ingila, Bernard Verdcourt, ya mai da shi ɗaki ɗaya da wake, kuma a nan anka bar shi har yau. Wato ƙwaruru ƙanen wake ne, ɗan asalin ƙasarmu, gyaɗa kuwa baƙuwa ce da ta daɗe har ta zama 'yar gari. Mai tsaron rumbu ma zai shaida: gyaɗa mai ce, in ta sha danshi ta lalace, ƙwaruru kuwa gari ne, ƙwaro ke huda shi kamar yadda yake huda wake.

Da yawanmu muna noma ko muna ba manoma bashin iri, don haka ga wata fa'ida. Ana cewa dangin wake na gyara ƙasa. Gaskiya ne, amma ba duka ba. Ku tumɓuke wake ko gyaɗa ku dubi saiwa, za ku ga 'yan ƙulle-ƙulle kamar ƙwayar gero. A cikinsu ne wasu ƙananan halittu ke jawo sinadarin naitirojin daga iska, irin wanda muke saye da tsada a buhun yuriya. Gawo na da su, ga shi kuma yana kaɗe ganye da damina lokacin da sauran itatuwa ke toho, shi ya sa geron gindinsa ke fin na fili. Tsamiya da kalgo da tafasa ba su da waɗannan ƙulle-ƙulle.

Sai ƙaro. Da can ɗakwara da dushe da bagaruwa duk suna ɗaya masana ke kiransu, Akasiya. Taron da anka yi a Biyana a 2005 ya bar wa itatuwan Ostareliya sunan, na Melbon a 2011 ya tabbatar, namu kuwa anka raba su biyu. Mu rigimar suna ba ta dame mu ba, amma rabon ya yi daidai da abin da sikeli ke faɗi. Ɗakwara ƙayarta gajera ce, uku-uku, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, furenta fari dogo kamar ƙaramar zangarniya. Ita ke ba da ƙaro lamba ɗaya, curi mai tauri. Dushe da bagaruwa ƙayarsu miƙaƙƙiya ce, biyu-biyu, furensu rawaya dunƙule. Ƙaron dushe yana farfashewa a hannu, lamba biyu ne, kuɗinsa bai kai ba. Wanda ya gauraya su, kuɗin lamba biyu za a ba shi duka.

Amma inda muka fi jin tsoro shi ne tafasa. Da yara ke tattake ta a bakin hanya, mata na cirar ganyenta don kwaɗo, yanzu kuwa ƙwayarta ta zama haja, ana tarawa ana fitarwa Indiya da Sin, inda ake niƙa cikinta a yi garin kaurara abinci. To, tana da 'yar'uwa ta jini, rai-ɗore, wasu su ce sanga-sanga, kuma wuri ɗaya suke fitowa, a juji da gefen fadama. Ƙwayar rai-ɗore na da dafi, tana cutar da dabba da kaji in ta yi yawa cikin abinci, an kuma danganta ta da mutuwar yara a yammacin jihar Uttar Pradesh ta Indiya. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta ce kada rai-ɗore ya kai kashi ɗaya cikin 2,000 na ƙwayar da za a sarrafa. Ku lissafa: a buhu mai kilo 100, giram 50 ke nan, kamar cikin tafin hannu ɗaya. Yaran da ke tsinta kuwa ba ruwansu, mudu suke so ya cika.

Rabewa ba wuya ga wanda ya lura. Reshen ganyen tafasa 'yan ganye shida ne, uku daura da uku, bakinsu a zagaye. Na rai-ɗore sun fi haka yawa, bakinsu tsini, in kun murza sai wari ya tashi. Kwanson tafasa siriri ne dogo, lanƙwashe kamar lauje; na rai-ɗore ya fi faɗi, a daɓe. In kaya sun riga sun zo a sussuke, ku zuba mudu ɗaya a faifai a cikin rana. Ƙwayar tafasa na da kusurwa, kamar an yanke ta a karkace, tana sheƙi. Ta rai-ɗore fale-fale ce, zagayayya, ba sheƙi. Kada ku tsaya ga bakin buhu, a soka bututu tsakiya da gindi, kuma a gaban mai kaya, kafin a auna.

Mu dai yanzu in baƙo ya yi waya ya ce gujiya, sai mu ce ya turo hoton ƙwayar a tafin hannunsa tukuna.